SAUNA: TARIHIN ƊAKIN GUMI NA MUTANEN FINLAN

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya ji an ce "sauna", abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne sakarai ko gaula, irin mutumin nan da za a aika sayen gishiri ya komo da kanwa. To, saunar da zan yi magana a kanta a wannan maƙala daban take, dacewar lafazi ce kurum ta haɗa su. Ita wannan kalma ce ta harshen mutanen Finlan, kuma tana nufin wani ɗan ɗaki na katako wanda ake gasa duwatsu a cikinsa har su yi jawur, mutum ya shiga ya zauna gumi ya yi ta karyo masa, sa'an nan ya fito ya watsa ruwan sanyi.

Ƙasar Finlan tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha. Wajen kashi uku cikin huɗu na ƙasar daji ne, ga tafkuna dubbai, ga kuma sanyin da kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salsiyas. Mutanenta ba su wuce miliyan 5 da rabi da 'yan kai ba, amma an ƙiyasta akwai sauna fiye da miliyan 3 a ƙasar, watau kusan kowane mutum biyu da ɗakin guminsu. A watan Disamba na 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun gargajiya na 'yan Adam da ya kamata a adana.

Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, talauci da sanyi su suka gina sauna, amma abin da ya raya ta har ta kawo yau shi ne masu ita sun yarda sun ɗora ta a kan ma'auni. Sun gyara gininta zamani bayan zamani, sun ƙidaya amfaninta, sun kuma ƙidaya gawarwakin da aka ɗauko daga cikinta. A ƙarshe zan waiwayo gida kaɗan, domin mu ma muna da tamu al'adar ta gasa jiki wadda take bukatar irin wannan awo.

Asalin Wankan Gumi

Dabarar zuba ruwa a kan gasasshen dutse domin a sami tururi tsohuwa ce ƙwarai, kuma ba mutanen Finlan kaɗai suka san ta ba. Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Herodotus, masanin tarihin nan na Girka, ya ba da labarin waɗansu makiyaya na arewacin Baƙin Teku da ke kafa 'yar bukka, su sa gasassun duwatsu a tsakiya, su shiga su sha zafi. Wajen shekarar 965 kuma wani matafiyi mutumin Andalus, Ibrahim bn Ya'aƙub, ya ratsa ƙasashen Silabawa na gabashin Turai, ya ga suna gina ɗaki da gumagumai, suna toshe kafofinsa da gansakuka, suna hura murhun duwatsu a kusurwa guda, in ya yi zafi su rufe kafar hayaƙi su kwara ruwa a kan duwatsun. Labarin nasa ya iso mana ne ta cikin littafin al-Bakri na 1068, wanda ɗaliban tarihi suka sani saboda bayanin da ya yi na tsohuwar daular Gana. Haka nan tsohon littafin tarihin Rasha, wanda aka harhaɗa wajen 1113, ya ambaci mutanen yankin Nobgorod suna shiga ɗaki mai zafi suna tsula wa jikinsu tsumagiya har su galabaita, kana su sheƙa ruwan sanyi.

A Finlan kanta, saunar farko rami ce da ake haƙawa a gindin tudu, a rufe bakinsa da itace da fata, a tara duwatsu a ciki. Mutane kan yi zamansu a ciki lokacin hunturu. Daga baya, da suka ƙware da aikin gatari, sai ɗakin ya fito sarari, aka riƙa gina shi da gumagumai.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa al'adar ta mutu a yawancin Turai amma ta tsira a Finlan? A zamanin da, biranen Jamus da Faransa da Suwidin cike suke da gidajen wanka na haya. A ƙarni na 16 sai cutar tunjere ta bazu, aka ɗora laifin a kan waɗannan gidaje, ga itacen wuta ya yi tsada, ga malaman coci suna sukar abin da ke gudana a ciki. Ɗaya bayan ɗaya aka rufe su. A ƙarni na 18 likitoci da mahukuntan Suwidin suka dinga yaƙi da ɗakin gumi har a ƙauyuka, suna cewa yana cinye daji yana kuma yaɗa cuta. A lokacin nan Finlan tana ƙarƙashin Suwidin, sai a 1809 ta koma hannun Rasha, ta sami mulkin kai a 1917. Amma manoman Finlan suka yi kunnen uwar shegu da wannan hani. Gidajensu a warwatse suke cikin daji, nesa da idon hukuma, itace kuwa ba su san tsadarsa ba. Daɗin daɗawa, saunarsu ta iyali ce, babu baƙon da ke shiga balle a ce ta zama matattarar ashsha.

A 1799 wani Ba'italiye mai suna Giuseppe Acerbi ya ratsa ƙasar, ya buga labarin tafiyarsa a Landan a 1802. Ya auna zafin ɗakin da ya leƙa ya sami digiri 70 zuwa 75, ya kuma yi mamakin ganin mutane suna fitowa daga ciki su yi birgima cikin dusar ƙanƙara. Ta bakinsa ne Turawan kudu da yawa suka fara jin labarin sauna, kuma suka ɗauke ta a kan wani abin al'ajabi na mutanen daji.

Matsayin Sauna a Gidan Manomi

Ga manomin Finlan kuwa babu wani al'ajabi a ciki. In mutum ya sari sabon daji zai kafa gida, sauna yake fara ginawa, ya tare a ciki da iyalinsa har ya gama babban ɗaki. A cikinta ake busar da hatsi da ramar saƙa, a ƙyafe nama, a yi wanki. Ranar Asabar da yamma ake hura ta domin wankan mako, maza su shiga da nasu lokaci, mata da nasu.

Amma babban aikinta ya wuce wanka. Sauna ita ce ɗakin haihuwa. Har zuwa shekarun 1930 yawancin matan ƙauye a can suke sauka, mai jego kuma ta yi kwanaki a ciki tare da jaririnta. Dalili kuwa a fili yake: a gidan duka babu inda ya kai ta ɗumi da tsabta da sutura, ga ruwan zafi a kusa, ga zafi da hayaƙi sun kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta. Urho Kekkonen, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1956 zuwa 1982, a cikin irin wannan ɗaki aka haife shi a 1900, a wani ƙauye na yankin Pielavesi. A cikin sauna ake yi wa amarya wanka kafin a kai ta, a cikinta kuma ake wanke gawa. Ke nan a nan mutum ke shigowa duniya, a nan ake yi masa wankan ƙarshe.

Ita ce kuma asibitin talaka, har suna yi mata kirari da kantin maganin matalauci. Wani abin da zai ba Bahaushe sha'awa shi ne su ma suna yin ƙaho, da ƙahon saniya kamar na wanzamanmu, sai dai su tsofaffin mata ne ke yi, kuma a cikin sauna, bayan jiki ya yi laushi. A nan masu tausa da masu ɗori suke aikinsu. Waƙoƙin baka na ƙasar, waɗanda likita Elias Lönnrot ya tattara ya buga da sunan Kalevala a 1835, sun nuna babban gwarzonsu yana hura sauna domin ya kori annoba daga cikin jama'arsa.

Saboda haka suke girmama wurin. Ba a zagi a ciki, ba a faɗa, ba a ɗaga murya, kuma suna da karin magana mai cewa a natsu a sauna kamar yadda ake natsuwa a wurin ibada. Tururin da ke tashi in an zuba ruwa a kan duwatsu suna kiransa löyly, kalmar da asalinta ke nufin rai ko numfashi, kuma 'yar'uwarta a harshen Hangare har yau "rai" take nufi. Ya kamata ɗalibin harshe ya lura da wannan, domin tururin tukunya suna da wata kalma dabam da suke kiransa da ita.

Yadda Ake Gina Ta

Tsohuwar sauna, wadda suke kira savusauna, watau saunar hayaƙi, ba ta da bututun fitar hayaƙi. Ɗaki ne guda na gumagumai, da tarin duwatsu a kusurwa ba tare da an ɗaure su da laka ba, da wani dandamali na katako a sama wanda ake hawa da tsani. Ana hura wuta a ƙarƙashin duwatsun na awa 6 zuwa 8, hayaƙi ya cika ɗakin yana fita ta ƙofa da wata 'yar taga. In wuta ta mutu sai a kwashe garwashi, a watsa ruwan farko a kan duwatsu ya kore toka, a bar ɗakin ya sha iska, sa'an nan a rufe a shiga. Bango da rufi baƙi ƙirin suke da kunkunniya. Masana abin sun ce babu tururin da ya kai na wannan ɗaki taushi, amma aibinsa biyu ne. Yana cin itace da lokaci, kuma yana yawan kamawa da wuta, shi ya sa ake gina shi nesa da sauran ɗakuna, galibi a bakin tafki.

Daga ƙarshen ƙarni na 19 aka fara sa wa murhu bututu, hayaƙi ya daina shiga ɗaki. Daga nan maƙera suka ƙera murhun ƙarfe wanda ake iya ci gaba da sa masa itace ana cikin wanka, ya kuma ɗauki zafi cikin awa guda. Wajen ƙarshen shekarun 1930 aka ƙera murhun lantarki, wanda ya bazu bayan yaƙin duniya na biyu. Kowane ɗaya daga cikin sauye-sauyen nan sai da dattawa suka yi gunaguni a kansa, amma shi ne ya ba sauna damar bin mutane zuwa birni.

Wanda zai gina ta a gida yau, akwai ƙa'idodin da ƙwarewar ɗaruruwan shekaru ta tabbatar. Na farko, ɗakin ya zama ƙarami, rufinsa kuma kada ya wuce mita 2 da 'yan kai, domin zafi sama yake tashi. Saboda wannan dalili ne ake ɗaga bencin zama, har wani marubucinsu mai suna Sakari Pälsi ya kafa doka cewa tafin ƙafar mai wanka ya kasance sama da duwatsun murhu, in ba haka ba kai ya ƙone ƙafa tana jin sanyi. Na biyu, ana lulluɓe bango da abin tare zafi, a shimfiɗa takardar alminiyam a kai domin kada tururi ya ruɓar da ginin, kana a buga katako. Ba a shafa wa katakon fenti ko banis, kuma ana ɓoye kan ƙusa, don ƙarfe a digiri 90 tambari yake yi wa fata. Na uku, ƙarfin murhu ya dace da girman ɗaki, abin da magina ke lissafawa da kilowat ɗaya ga kowace mita guda ta faɗi da tsawo da zurfi. Na huɗu, ba kowane dutse ake sawa ba. Ana neman baƙin dutse mai nauyi da tauri, domin dutse mai ɓawo-ɓawo ko wanda ya sha ruwa fashewa yake yi a wuta. Na biyar, lalle a bar kafar shigar iska kusa da murhu da ta fita a ɗaya gefen, yadda iskar ɗakin za ta sabunta kamar sau 6 a awa. Na ƙarshe, ƙofa waje take buɗewa, kuma ba a sa mata sakata, domin wanda jiri ya ɗiba ya iya tura ta da kafaɗa ya fita.

Akwai wani abu a cikin ginin nan da ya shafe mu kai tsaye. Ba kowane katako ke yin bencin sauna ba. Ana son mara nauyi, mara ƙaro, wanda ba ya riƙe zafi balle ya ƙona mai zama. Ban da itatuwan ƙasarsu, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi so shi ne katakon da ake kira obeche a Nijeriya, wawa a Gana, ayus a Kamaru. Daga dazuzzukan Afirka ta Yamma ake sarar sa a kai musu, su kuma suna kiransa apachi. Watau mutum na iya zama a wani ɗakin gumi a Helsinki, dusar ƙanƙara na zuba a waje, alhali a kan itacen kurmin ƙasarmu yake zaune.

Daga Ƙauye Zuwa Duniya

Da masana'antu suka jawo mutane birni, sai aka buɗe saunar haya a unguwannin ma'aikata. Wadda ta fi tsufa cikin masu aiki har yanzu ita ce Rajaportti a birnin Tampere, wadda aka buɗe a 1906. A tsakiyar ƙarni na 20 Helsinki kaɗai tana da irinsu fiye da 100. Amma daga shekarun 1970, da aka fara sa ƙaramar sauna ta lantarki a cikin gidajen bene, sai na haya suka yi ta mutuwa har suka rage 'yan kaɗan, kafin matasa su sake farfaɗo da su a wannan ƙarni.

Yaƙi ma ya nuna darajarta. A yaƙe-yaƙen da Finlan ta yi da Tarayyar Sobiyat tsakanin 1939 da 1944, sojojinta sun riƙa gina sauna a cikin ramuka a bakin daga, suna gasa jikinsu da kayansu domin kashe ƙwarƙwata, wadda ke yaɗa zazzaɓin da ya sha hallaka rundunoni a Turai. Bayan yaƙi, mutum fiye da 400,000 suka baro yankin Kareliya da aka ƙwace, kuma da yawa daga cikinsu sun koma ga dabarar kakanninsu, suka fara gina sauna suka zauna a ciki kafin gida ya samu.

Waje kuwa, 'yan ci-rani ne suka kai ta Amurka da Kanada. 'Yan wasa suka ƙara mata suna, musamman bayan da aka gina wa 'yan Finlan sauna a masaukin 'yan wasan Olimfik na Balin a 1936. A 1937 aka kafa Ƙungiyar Sauna ta Finlan domin bincike da kare al'adar. Shi kuwa Shugaba Kekkonen sai ya mai da ita zauren shawara, inda yakan shiga da shugabannin Sobiyat, har da Khrushchev a 1960, a tattauna abin da ya gagara a kan tebur. Sojojin Finlan masu aikin kiyaye zaman lafiya ma ba sa rabuwa da ita, har a Eritiriya mai zafi tana cikin abubuwan da suka fara ginawa.

Abin da Likitoci Suka Auna

Zafin sauna ta zamani yakan kai digiri 80 zuwa 100, amma iskar busasshiya ce, shi ya sa jiki ke iya jurewa. Cikin 'yan mintoci zafin fata ya kai wajen digiri 40, jijiyoyin jini na fata su buɗe, bugun zuciya ya tashi zuwa 100 ko har 150 a minti, mutum ya zubar da gumi kamar rabin lita. Ta fuskar zuciya, abin ya yi kama da tafiya da sauri.

Binciken da ya fi shahara shi ne na garin Kuopio a gabashin ƙasar. Tsakanin 1984 da 1989 aka ɗauki bayanan maza 2,315 masu shekara 42 zuwa 60, aka yi ta bin su har kimanin shekara 20. A 2015 Farfesa Jari Laukkanen da abokan aikinsa suka buga sakamakon. Idan aka kwatanta da masu shiga sauna sau ɗaya a mako, masu shiga sau 4 zuwa 7 sun sami ragin kashi 63 cikin 100 na mutuwar fuju'a ta tsayawar zuciya, da ragin kashi 40 cikin 100 na mutuwa ta kowace hanya a tsawon lokacin binciken. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna ragi a hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da gigin tsufa.

Alƙaluman nan suna da daɗin ji, amma ɗalibin jami'a bai kamata ya haɗiye su ba tauna ba. Binciken kallo ne kawai aka yi wa mutane, ba raba su aka yi gida biyu aka ce waɗannan su shiga waɗancan su bari ba. Mai yiwuwa ne wanda zuciyarsa ta riga ta raunana shi ke gudun zafi, mai lafiya da hali kuma shi ke shiga kullum. Sa'an nan duk mutanen nan tun suna goye ake shiga da su, ba a kuma kwatanta su da wanda bai taɓa shiga ba.

Tarihin ƙasar kansa ya isa ya sa mutum taka-tsantsan. A ƙarshen shekarun 1960 mazan gabashin Finlan suna cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya duka, alhali babu Asabar ɗin da ba sa shiga sauna. Abin da ya cece su shi ne shirin da aka fara a lardin Kareliya ta Arewa a 1972, ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska, inda aka bi gida gida ana yaƙi da taba da man shanu da gishiri. Cikin shekara 40 mutuwar magidanta ta ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a lardin. Ke nan sauna na iya taimaka wa zuciya, amma ba ta wanke ɓarnar da baki ya yi. Haka kuma maganar da 'yan talla ke yi cewa tana narkar da ƙiba ko tana fitar da dafi daga jiki ba ta da tushe. Nauyin da ya ragu ruwa ne, da an sha ya komo, aikin tace jini kuwa na ƙoda da hanta ne.

Illa ma sun ƙidaya ta. Wani bincike da ya duba mace-macen da suka auku a cikin sauna daga 1990 zuwa 2002 ya sami ƙasa da mutum 2 cikin kowane 100,000 a shekara, kuma rabinsu a buge suke da giya. Likitoci sun hana ta ga wanda bai daɗe da samun bugun zuciya ba, da mai ciwon ƙirji da bai lafa ba, da wanda babbar ƙofar jinin zuciyarsa ta tsuke. Mai zazzaɓi da wanda jininsa ke yawan sauka su ma su yi nesa. Ga sabon shiga, minti 5 zuwa 15 sun isa, a sha ruwa, a kuma fita da an ji jiri. Inda aka mai da abin gasa kuwa an ga ƙarshensa. Daga 1999 garin Heinola ya riƙa shirya gasar duniya ta daɗewa a sauna, har 2010 lokacin da wani ɗan Rasha ya mutu bayan minti 6 a zafin digiri 110, abokin karawarsa kuma ya ƙone ƙwarai. Daga ranar aka soke gasar.

Waiwaye Gida

Mu ba mu da sauna, kuma wanda ya san zafin bazara a Sakkwato ko Damagaram ba zai yi gaggawar ginawa ba, sai fa manyan otal-otal da wuraren motsa jiki da suka kawo ta birane. Amma mun san sirace, mun kuma san wankan jego, inda mai haihuwa kan yi kwana 40 tana fyaɗa wa jikinta tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, a waɗansu wurare ta kwanta a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, tana shan kunun kanwa. Mu da mutanen Finlan mun yi tarayya a kan cewa jikin mai jego yana son ɗumi.

A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya, suka buga rahotonsu a 1978. Sun zargi gishirin kanwa da zafin wanka da ɗora wa zuciya kayan da ya fi ƙarfinta. Shekaru da yawa wannan bayani aka riƙe. Amma a 2020 wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Nijeriya ya nuna cutar ta fi alaƙa da rama da rashin karatu da rashin sana'a da hawan jinin masu ciki, bai kuma sami alaƙa mai ƙarfi da wankan ko kunun ba. Har yanzu yankinmu yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Magana ba ta ƙare ba ke nan, kuma rayukan iyayenmu mata da ƙannenmu ne a ciki. Kafin a gama awon, abin da likitoci suka haɗu a kai shi ne mai hawan jini da mai kumburi da mai haki su nisanci kanwa da tafasasshen ruwa, a kuma kai su asibiti da wuri.

Kammalawa

Na bi tarihin sauna daga rami a gindin tudu zuwa ɗakin lantarki a saman bene. A kowane zango an sami masu cewa a yar da ita domin ƙauyanci ce, an kuma sami masu cewa kada a taɓa ko dutse ɗaya domin haka aka gada. Mutanen Finlan ba su bi ko ɗaya ba. Sun fitar da hayaƙi daga ɗakin, sun mai da haihuwa asibiti, sun soke gasa, sun ja kunnen mashaya, suka riƙe sauran, suka kuma ba jami'o'insu aikin bin mutum dubu biyu har shekara ashirin domin a san gaskiyar abin.

Ina ganin aikin da ke gabanmu ke nan game da wankan jego da sirace da ƙaho da sauran magungunan gida. Likita shi kaɗai ba zai iya ba, domin bai san sunayen ganyen ba, bai kuma san abin da ungozoma ke nufi in ta ce sanyi ya shiga mace ba. Wannan fage ne na ɗaliban Hausa. Mu ne za mu zauna da tsofaffi mu rubuta yadda ake yi a Katsina da yadda ake yi a Maraɗi, zafin ruwa nawa, kwana nawa, kanwa wace iri, sa'an nan mu miƙa wa abokanmu na sashen likitanci su auna. Ina fata a cikin masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai bana a sami wanda zai ɗauki wannan aiki. Allah ya sa mu dace.